Daga Majigi Zuwa Wayar Hannu: Sauyin Kallo a Kudancin Kano



Kafin akwatin talabijin ya isa ƙauyukan Bebeji da Kiru, majigi jama'a suka sani. Motar hukuma takan zo da almuru, a kafa farin ƙyalle a ƙofar dagaci, a nuna yadda ake zuba taki ko tsabtace rijiya, gari duka yana zaune. Kaduna ta sami gidan talabijin a 1962, jihar Kano kuwa ta buɗe nata, wato CTV 67, a 1982, zamanin Gwamna Abubakar Rimi, amma ɗabi'ar taruwa ba ta sake ba. Mai akwati ɗaya a unguwa, galibi ma'aikaci ko attajiri, yakan fito da shi ƙofar gida, ya haɗa da batirin mota inda babu lantarki, yara a gaba bisa tabarma, manya a baya. Lokaci na tasha ne. Wanda ya makara, to, Samanja ya wuce shi sai wani mako.

Bidiyo ne ya fara ƙwace wannan iko, musamman bayan fitowar Turmin Danya a 1990, domin matan kulle sun sami abin kallo cikin gida a lokacin da suka ga dama. Tauraron ɗan'adam ya biyo baya, ya haifar da gidajen kallon ƙwallon Ingila, waɗanda kusan na samari ne kaɗai. Wayar hannu, wadda ta shigo a 2001, ita ce daga bisani ta ƙarasa watsa taron. Yanzu yaro yakan miƙa wayarsa ga mai turi a Kwanar Ɗangora ko tashar Tudun Wada, a zuba masa fina-finai, ya tafi ya kalla shi kaɗai, babu wanda ya san abin da ya ɗauko.

Ga inda maganar ta shafe ku, ma'aikata. A da, sanarwar rigakafi ko ta rabon taki akan saƙala ta tsakanin labarai da wasan kwaikwayo, dole mai jiran wasa ya ji ta. Mai turi kuwa wasan kaɗai yake turawa. Ma'aikatar da ta biya kuɗin sanarwa a talabijin, ta rubuta a rahotonta cewa saƙo ya isa Doguwa, ya kamata ta aika wani Riruwai ya tambayi mutum nawa suka gani.