Amsar Wasiƙunku: Mai Zanen Da Ya Karkata Hasumiya

Wasiƙarmu ta yau daga wani bawan Allah take, mai sayar da hatsi a kasuwar Dawanau. Ya ce ƙanensa ya kawo masa kalanda daga Jamus, a ciki akwai hoton wani gini mai doguwar hasumiya, duk a karkace kamar ana kallonsa ta fasasshen madubi. A ƙasa an rubuta Feininger, Gelmeroda. Yana tambaya, wai mutumin ne bai iya zane ba, ko injin buga kalandar ne ya yi gardama?

To Alhaji, inji lafiyarsa ƙalau, mutumin kuma gwani ne. Sunansa Lyonel Feininger. An haife shi a New York ta Amurka a 1871, mahaifinsa Bajamushe ne mai kaɗa goge irin na Turawa. Yana da shekara 16 aka tura shi Jamus koyon kiɗa, sai yaro ya ajiye goge ya ɗauki fensir. Ya daɗe yana cin abinci da zanen barkwanci a jaridu, har wata jaridar Chicago ta ɗauke shi a 1906.

Gelmeroda kuwa ƙauye ne kusa da garin Weimar, ginin da ka gani cocin ƙauyen ne. A kan keke yake zuwa ya zauna ya yi ta kallonsa, kuma sau 13 ya zana shi da fenti, na ƙarshe a 1936. Me yake nema har sau 13? Manoma za su fi ni ganewa. Ka taɓa yin sammako zuwa gona da hunturu, rana ta keto hazo, ka hangi rimin bakin gari ya yi wani irin tsawo, rabinsa haske rabinsa inuwa? Da rana tsaka rimin nan dai shi ne, amma abin da ka ji da asuba ya tafi. To wannan jin yake farauta. Shi ya sa yake yanka haske falle-falle, ya ɗora wani kan wani, hasumiyar ƙaramin ƙauye ta miƙe har sama. Ni kaina da na fara gani sai da na juya takardar, ina zaton a kife na riƙe ta.

Zanen nan ya jawo masa wahala. A 1919 ya zama malami a makarantar zane da gini ta Bauhaus. Da Hitler ya hau mulki a 1933 aka rufe makarantar, aka ce irin wannan zane lalatacce ne. An kwashe ɗaruruwan ayyukansa daga gidajen tarihi, a 1937 kuma aka rataye wasu a birnin Munich don jama'a su zo su yi dariya. Ga shi matarsa tana da asalin Yahudawa, zama ya gagara. A shekarar ya tattara ya koma New York, bayan shekara 50 a Jamus, tsoho ya fara sabon lale da zanen dogayen benaye da jiragen ruwa. Can ya rasu a 1956.

Cocin yana nan tsaye, har hanyar keke aka yi a yankin da sunansa. Alhaji, ka rataya kalandar a rumfa, ka ja da baya kamar taku biyar ka sake dubawa, sannan ka rubuto mana abin da ka gani. Sauran wasiƙu sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.