Matafiyi da Kyamararsa: Mu Ajiye wa 'Yan Baya Kamannin Gari

 



An nemi in yi magana a kan ɗaukar hoton wuraren tarihi yayin tafiya. Wani zai ce, ina ruwan ƙungiyar ci gaban unguwa da hoto, alhali ga matsalar magudanar ruwa da ta makaranta? Ina roƙon a ba ni aron kunne.

A shekarar 1851 wani Bajamushe mai suna Heinrich Barth ya zo Kano, ya hau Dutsen Dala, ya zana birnin da hannunsa. Har gobe masana suna komawa ga wannan zane. Haka kuma dalar gyada, wadda ta ɗaukaka sunan Kano a duniya, yau babu ita, kuma yawancin hotunanta da muke tinƙaho da su baƙi ne suka ɗauka. Mu 'yan gida ba mu damu ba, domin muna zaton abin da ido ya saba gani ba zai gushe ba. To, ya gushe.

Kada a ɗauka wannan zancen da ne. A 2010 an rushe tsohuwar Ƙofar Na'isa domin faɗaɗa titi, aka sake gina wata. Ganuwar da Sarki Gijimasu ya fara, Muhammadu Rumfa ya faɗaɗa, kullum zaizayewa take yi. Ba na jayayya da ci gaba. Gari mai rai dole ya sauya. Abin da nake cewa shi ne, kafin a sauya, a samu shaida.

Yau kusan kowa a cikinmu yana da kyamara a aljihunsa, kuma mu matafiya ne: fatauci, karatu, ziyara, aikin Hajji. Amma duba wayar wanda ya dawo daga Katsina: fuskarsa ta cika hoton, Hasumiyar Gobarau sai ɗan gefenta ake hange. Don haka ga 'yan shawarwari.

Na farko, a ja da baya, a bar ginin ya fito sosai tare da abin da ke kewaye da shi: titi, bishiya, masu talla, masu wucewa. Bayan shekara hamsin, tufafin mutane da irin motocinsu za su zama darasi.

Na biyu, a lura da lokaci. Hasken safiya da na bayan la'asar shi ke fito da zanen da ke jikin ginin ƙasa, irin na fadar Zazzau ko ta Damagaram. Ranar tsaka tana shafe shi, hazon hunturu kuma yana ɓoye nesa. Mai son ganin Kano daga kan Dala, ya jira sararin bayan ruwan sama.

Na uku, ladabi. Kada a ɗauki mutum, musamman mace, sai da yardarsa. A masallaci da fada a nemi izini. A guji barikin soja da filin jirgin sama, domin hoto ɗaya yana iya jawo wa matafiyi kwana a hannun hukuma.

Na huɗu, wanda ya fi muhimmanci, a rubuta sunan wurin da ranar da aka ɗauka, sannan a wanke hoton a takarda ko a ajiye shi wuri biyu. Ni kaina na ɗanɗana: hotunan masallacin Agadas da na sha wahala na ɗauko sun tafi tare da wayata a kasuwa rana ɗaya.

Daga ƙarshe, tafiya ba sai an yi nisa ba. Gidan Ɗan Hausa, inda aka buɗe makarantar boko a 1909, yana nan Nassarawa kusa da mu. Ga Gidan Makama, ga Kasuwar Kurmi, ga marinar Ƙofar Mata. Mu nawa ne muka kai 'ya'yanmu? Ita kanta unguwarmu, dattawa suna ba mu labarin gonaki da filaye inda yau gidaje suka cika, amma wa zai nuna mana hotonsu? An ce gani ya kori ji.

Saboda haka ina ba ƙungiya shawara ta buɗe kundin hotuna a ofishinta. Kowane gida ya kawo tsofaffin hotunan da ke ƙasan akwati a kwafa a mayar masa, a kuma naɗa matasa biyu su riƙa ɗaukar titunanmu, masallatanmu da makarantunmu sau ɗaya kowace shekara. Kuɗin kaɗan ne, amma ladan zai kai ga jikoki.

Allah Ya albarkaci Kaura Goje, Ya ba Kano da Nijeriya zaman lafiya, amin.