Daga Venis zuwa bakin dam ɗin Kazaure



Jiya da yamma ina zaune bakin dam ɗinmu, ledoji na yawo saman ruwa, ga wani yana wanke babur, baƙin mai na gangarawa ciki. Sai na tuna da Venis ta Italiya. A 2021 gwamnatinsu ta hana manyan jiragen ruwa na yawon shaƙatawa ratsa tsakiyar birnin, don igiyar ruwan da suke tayarwa tana cinye harsashin gine-gine. Jiragen nan fa gari guda ne, wani yana kwasar mutum sama da 5,000. Tun 2020 kuma dokar duniya ta rage salfar da ke cikin man jiragen ruwa daga kashi 3.5 zuwa 0.5 cikin ɗari. A wasu tashoshin, da jirgi ya tsaya sai ya kashe inji ya jona wutar gari.

Ni dai tallan kamfanonin bai ruɗe ni ba, doka ce ta tanƙwara su. Mu kwale-kwale gare mu, amma kifin da muke soyawa a ruwan nan yake rayuwa. Asabar ƙarfe 7 na safe zan fita tsintar leda, mai zuwa ya taho da buhu.