Kuɗi Ba Ya Share Hawaye: Jawabin Uban Ƙungiya a Taron Shekara

 

Hausawa sun ce ranar wanka ba a ɓoyon cibiya. Yau za mu taɓo wata ɗabi'a da ta kunno kai a tsakaninmu, musamman mazauna Kano, Kaduna, Abuja da Ikko, wato kashe kuɗi ba lissafi idan an yi mana rashi.

Mun san inda abin yake tasowa. Mutum yana can wurin aiki, mahaifinsa ya yi jinya bai samu zama kusa da shi ba, har aka yi jana'iza yana kan hanya. Ya iso gida zuciya cike da baƙin ciki da nadama, ya rasa abin da zai yi wa mamacin, sai ya zura hannu aljihu. A kafa rumfuna, a yi hayar kujeru, a yanka sa, a buga kalanda da hoton marigayi, ranar uku, ranar bakwai, ranar arba'in. Yayin wannan hidima zuciya takan ɗan lafa, domin hankali ya koma kan baƙi da tukwane. Amma ranar da aka kwashe kujeru, baƙin cikin yana nan inda aka bar shi, ga kuma bashi ya hau kai.

Addininmu bai ɗora mana wannan nauyi ba. Lokacin da Ja'afar ɗan Abu Ɗalib ya yi shahada a yaƙin Mu'uta, shekara ta 8 bayan Hijira, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, umarni ya yi a dafa wa iyalansa abinci a kai musu. Mu kuwa mun juya lamarin, gidan mutuwa ne yake ciyar da gari. Makoki kwana 3 ne, sai matar mamaci da take takabar wata 4 da kwana 10.

Abin da ya fi tayar mana da hankali shi ne, sau da yawa daga dukiyar mamacin ake ɗebo kuɗin. Alhali shari'a ta tsara: a yi masa sutura, a biya bashinsa, a zartar da wasiyyarsa wadda ba ta wuce sulusi ba, sauran kuma na magada ne. Aya ta 10 ta Suratun Nisa'i ta yi kashedi mai tsanani a kan cin dukiyar marayu. Buhun masarar da aka ƙarar cikin mako ɗaya, shi ne abincin da marayu za su dogara da shi har kaka.

Saboda haka muna ba ku shawara uku. Na farko, wanda aka yi wa rashi kada ya yanke shawarar kashe babban kuɗi cikin kwanakin makoki, ya bari zuciya ta huce. Na biyu, ya fara binciken bashin marigayi kafin ya tambayi kuɗin sa a kasuwa. Na uku, idan akwai rara, a haƙa rijiya, a gyara aji, ko a ɗauki nauyin karatun marayun, domin sadaka mai gudana tana cikin abubuwa uku da ladansu ba ya yankewa.

Mu kuma 'yan ƙungiya, mu riƙa leƙa gidan bayan baƙi sun watse, domin a sannan kewa take shiga. Allah ya jiƙan magabatanmu, ya ba mu haƙurin rashinsu, ya sa mu cika da imani.