Tashar 'Yan Kallo Da Tashar Manoma

Dattawa, iyayenmu mata, samarin Darki.

A Abuja akwai tashar jirgin ƙasa da aka gina dab da babban filin wasa na Moshood Abiola, filin da aka gama a 2003, mai cin mutum dubu 60. An buɗe wannan jirgi a watan Yuli na 2018. A 2020, lokacin cutar korona, ya tsaya cik, bai sake ɗaukar mutane ba sai a watan Mayu na 2024. Shekara huɗu ke nan, jama'a, ga tasha ga dogo, babu jirgi!

Ba ƙwallo muke ƙi ba. Samarinmu ma suna biyan kuɗin mota su haye gadar Wudil su je Ƙofar Mata kallon Kano Pillars. Amma ƙwallo sai ranar wasa, buhun gero kuwa kullum yana neman hanyar kasuwa.

Jirgi ya iso Kano tun 1911, gyaɗar kakanninmu ya kwasa zuwa Ikko. A 2021 an aza harsashin dogon Kano zuwa Maraɗi, da reshe zuwa Dutse. To, duk ɗan takarar da ya zo neman ƙuri'arku, kada ku tsaya ga tafi. Ku tambaye shi: wace tasha ce kusa da mu? Wa zai gyara hanyar zuwa can? Nawa ne kuɗin buhu, nawa ne na saniya ranar Juma'ar Wudil? In ya amsa, malaman makaranta su rubuta, a ajiye takardar a gidan Dagaci.