Jemage Mai Gani da Kunne



Da aka ce in yi jawabi a taron bana, sai na tuna wani dare muna aji uku, da jemage ya faɗo mana ɗakin karatu. Muka tashi da tsintsiya da littattafai muna kai masa duka, amma ko sau ɗaya ba mu same shi ba, shi kuma bai yi karo da fanka ko bango ba. Washegari malaminmu na kimiyya ya tambaye mu: da me ya ga hanya? Amsar wannan tambaya na kawo muku yau.

A shekarar 1793 wani masani ɗan Italiya, Lazzaro Spallanzani, ya lura cewa jemagen da ba ya gani yana shawagi lafiya lau. Wani kuma a Janeba, Louis Jurine, ya toshe wa jemagu kunnuwa, sai suka dinga karo da abubuwa. Ba a gano dalili ba sai wajen 1940, lokacin da Donald Griffin da Robert Galambos na Jami'ar Harvard a Amurka suka tabbatar da cewa jemage kuka yake yi, sa'an nan ya saurari amsa-kuwwar kukan.

Kunnen ɗan Adam ba ya jin sautin da kaɗawarsa ta wuce 20,000 a daƙiƙa guda. Kukan yawancin ƙananan jemagu ya zarce haka, na wasu ma ya haura 100,000, shi ya sa a daren nan ba mu ji shi ba. Sauti yana tafiyar kimanin mita 340 a daƙiƙa cikin iska. Ke nan idan bango yana nesa da mita 17, kukan zai je ya dawo cikin kashi ɗaya bisa goma na daƙiƙa. Da wannan ɗan jinkiri jemage ke auna nisa, da bambancin abin da kunnuwansa biyu suka ji kuma yake gane ta wane gefe abin yake. In ya kusa cafke ƙwaro sai ya yi ta jero kukan, har kusan sau 200 a daƙiƙa. Ƙwarin ma ba su zauna haka nan ba, domin wasu malam-buɗe-littafin dare suna jin kukan, sai su saki jiki su faɗo ƙasa.

A teku ma haka ne. Dabbar nan dolfin tana aika sauti ta goshinta, ta karɓi amsar ta muƙamuƙinta na ƙasa, kuma sauti cikin ruwa yana gudun kimanin mita 1,500 a daƙiƙa. Hoton ciki da ake yi wa mata masu juna biyu a asibiti, da amsa-kuwwa ake ɗaukarsa.

Sai dai jemagu sun fi iri 1,400, kuma ba duka ke da wannan baiwa ba. Manyan nan da ke rataye a bishiyoyin garuruwanmu da ido da hanci suke neman 'ya'yan itace. Su ne ke ziyartar furen kuka da na ɗorawa cikin dare, suna kai ƙurar fure daga wannan zuwa wancan. Duk mai son daddawa a miyarsa, jemage na bin sa bashin godiya. Ƙananan kuwa ƙwari suke cinyewa, har da masu ɓarna a gona.

Don haka roƙona biyu ne. Na farko, mu hana yaranmu harbin jemagu da danƙo, kuma kada su taɓa su da hannu, domin suna iya ɗauke da cuta. In sun dami silin gida, a toshe ƙofar shigarsu bayan sun fita da dare, amma a bari sai lokacin da ba su da ƙananan 'ya'ya. Na biyu, ɗazu na leƙa ɗakin gwaje-gwajenmu, na ga kayan da suka rage ba su kai rabin na zamaninmu ba. Ina roƙon ƙungiya ta sa gyaransa cikin ayyukan bana, domin ƙannenmu su sami inda za su nemi amsar irin tambayar da aka yi mana.