Tambayar da Ba a Koya wa Ma'aikacin Lafiya



A shekarar 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka fitar da rahoton da ya ce yara kimanin 830,000 ke mutuwa duk shekara ta hanyar haɗurran da ba da gangan ba. Manyan musabbabai biyar ne: haɗarin hanya, nutsewa a ruwa, ƙuna, faɗuwa da shan guba. Babu wanda ba mu san shi ba a nan.

Makarantunmu na koyon aikin jinya da na kiwon lafiyar al'umma suna koyar da ɗinki da wanke ciwo, kuma suna koyarwa da kyau. Abin da ya yi ƙaranci shi ne tambayar da ke biyo bayan ɗinkin: Hajiya, yaya aka yi?

Mu ɗauki kananzir. Ana sayo shi a gorar lemo, a ajiye a gindin murhu. Yaro ɗan shekara biyu da ke jin ƙishirwa ya ga gorar da ya saba gani, ya kurɓa. Uwa ta rikice, ta ɗura masa manja ko ta zura masa yatsa don ya yi amai. To, aman nan shi ne haɗarin, domin shi ke kai kananzir cikin huhu. Ma'aikacin da ya sallami yaron bai tambayi inda gorar take ba, bai kuma ja kunne a kan amai ba, ya yi rabin aiki, don ƙanin yaron na nan yana rarrafe. Haka ƙuna. Ruwan sanyi mai tsabta na minti 20 ake so, amma sai yaro ya iso asibiti an shafe shi da ɗanyen ƙwai ko man goge baki, musamman lokacin hunturu da ake kwana da kaskon wuta a ɗaki.

Za a ce mini tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Ban musa ba. Amma wanda ya yarda da ƙaddara ai shi ne dai ke kulle shagonsa da dare.

Wani likita a Amurka, William Haddon, ya koyar da a duba kowane haɗari a matakai uku: kafin aukuwarsa, lokacin aukuwarsa, da bayanta. Horonmu ya taru a mataki na uku. Ga misalin mataki na farko: a Bangaladash, inda ruwa ke cin yara sosai, an horar da matan ƙauye su riƙa kula da ƙanana a wuri ɗaya da hantsi, sa'ad da iyaye mata ke cikin aiki, manyan yara kuma aka koya musu iyo. Mu ma muna da kududdufai da rijiyoyi marasa murfi.

Saboda haka horon ya wuce ma'aikatan asibiti. Ya haɗa da ungozoma, da malamin firamare, da alaramman tsangaya, wanda almajiransa ke tsallaka titi kullum. Kuma a ƙara layi ɗaya a rajistar kowane ƙaramin asibiti, a rubuta inda abin ya faru da yadda ya faru, don in an je wurin shugaban ƙaramar hukuma neman a cike wani kududdufi, a je da takarda a hannu.